Kifin Gwangwani a Wajen Ciyayya

In dai maganar buɗe gwangwanin kifin sadin ake yi, to a ajiye ni gefe guda, don duk ɗakin kwananmu na makaranta babu wanda ya kama ƙafata. Gwangwanin wancan zamani da ɗan mabuɗinsa yake zuwa, manne a jikinsa. Ka ɓalle shi, ka zura harshen murfin a cikin tsagar, ka yi ta murzawa da babban yatsa, murfin yana naɗewa kamar tabarma. Wasu kafin su kai rabi harshen ya tsinke, a koma neman wuƙa, mai ya zube a wando, a yi ta ashar. Ni kuwa shuuu, tashi ɗaya, ko ɗigo ba ya zuba. Har siniyoyi aikowa suke yi a kira ni. Da yatsan nan na tsira daga wankin kaya da yankan ciyawa ba adadi.

Kuma ba buɗewar kaɗai ba, har haɗin na iya. Ranar da aka dafa mana gabzar da ba ta ciyuwa, sai mu lallaɓa bayan kicin mu roƙi garwashi wajen masu girki. Ka samu tattasai jajaye masu tsoka, da attaruhu gwargwadon ƙarfin halinka, ka jera su a kan garwashin. Ba a barin su, juyawa ake yi da ɗan tsinke har fatar ta kumbura ta yi baƙi tana fashewa. Sai ka kwashe ka kife su da kwano su yi gumi. In sun huce fatar da kanta take saluɓewa, ka cire 'ya'yan, ka yayyaga tsokar da hannu, ba a sa wuƙa. Albasa ma a gasa ta da ɓawonta. A tsiyaye man kifin, a juye shi a kai, gishiri kaɗan, a matsa lemon tsami, a ɗan ɗora a wuta ya yi ɗumi. Da ɓallin burodi, gaye, sai ka manta akwai jarrabawa a duniya. Ba ya cika ciki, ba ya sa barci, ka ci ka tashi garau.

A tsakiyar shekarun saba'in na gama sakandare. Sakamako ya fito, na haye, har na samu gurbi a makarantar gaba. Kai, a lokacin nan ƙasa ma alfarma nake mata da nake taka ta. Wandona ƙafarsa ta isa ta share layi guda, takalmi mai tudu, gashi na tara shi kamar kwandon da aka kife, mataji a aljihun baya. Kowa na gamu da shi gaye ne, kowane abu harka ce. Ina da watanni a hannu kafin a buɗe makaranta, kuma lissafina duka bai wuce silima da ƙwallo da yawo a keken aro ba.

Gidanmu a Unguwar Kanawa yake. Baba kafinta ne, mutumin Kano, ya zo Kaduna tun yana saurayi. Lokacin ana ta gine-gine a Malali da Unguwar Dosa, aikin ƙofofi da tagogi har ba ya iya ɗaga kai. Amma da za ka tambaye shi abin da ya tara a garin nan, ba shago zai nuna maka ba, tabarmar ƙofar gidanmu zai nuna maka.

Tun kafin a haife ni magidantan layinmu suke ciyayya a nan, ƙarƙashin bishiyar dogon yaron ƙofar gida. Ana idar da sallar magariba kowane gida zai fito da kwanon tuwonsa a jera a tsakiya. Wani tsoho mai sayar da goro shi ne babba. Shi yake jawo kwano ya buɗe, kowa ya sa hannu, in an cinye ya jawo na gaba. Da zarar kwano ya hau tabarma ya tashi daga na gidanku. Wanda aka yi miya tsululu a gidansa ranar, zai lashi man shanun gidan wani, ba mai cewa uffan, haka suka rufa wa juna asiri shekara da shekaru. Dukansu baƙi ne a Kaduna, wannan daga Katsina, wancan daga Gusau, ba mai dangi a kusa. A kan tabarmar nan ake shirya suna, a nan ake sasanta rigima, a nan ake nemar wa yaro wajen koyon sana'a.

Mazaunin Baba jikin bishiyar ne, kusa da wani Bazazzage mai gyaran keke. Kun san tsakanin Kanawa da Zagezagi, wasa ne ba a fushi. Kullum sai sun yi. Baba ya ce Zagezagi a Kano suka fara ganin miya mai nama, shi kuma ya ce Bakano in ya rasa abin sayarwa zai yi tallan inuwarsa. Mu yara muna zaure muna jiran ragowa muna ƙyaƙyatawa.

To a hutun nan ne Baba ya fara ramewa. Ƙishirwa ba dare ba rana, buta ba ta hutawa. Ƙusa ta soke shi a ƙafa a wajen aiki, ɗan ciwo kamar ƙwayar gero, ya ƙi warkewa. Da ƙyar na ja shi asibiti, don ni ne mai Turancin gidan. Aka gwada fitsari, aka ɗibi jini, likita ya ce ciwon sukari ne. Ya jero abin da za a bari, ni ina fassarawa Baba yana kallon bango: fura, shayi mai sukari, shinkafa, tuwo mai yawa, musamman na dare. Ya ce da rana a yi wake ko acca, da yamma kuwa abu marar nauyi, kifi da kayan lambu. Ya nuna ƙafar da biro ya ce in ba a kiyaye ba, daga nan za a fara yanka. Wannan ma na fassara. Muna fitowa Baba ya ce, to shi wannan likita, me ya bari, iska?

Inna ta rasa yadda za ta yi. Wake da acca ta iya, amma abincin dare marar nauyi a wajenta ba abinci ba ne, horo ne. Nan fa na buga ƙirji. Na ce Inna ki huta, wannan harkata ce. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi wandon, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin namiji da kurfoti a gidan da akwai mace ba, amma ga gawayi nan. Na sheƙa kantin bakin titi na sayo sadin, na tsaya wajen mai kayan miya na zaɓo tattasai ɗaya bayan ɗaya. Na hura wuta a tsakar gida ina fito. Ƙamshin gasasshen tattasai ya cika gidan, har Inna ta leƙo daga ɗakin girki ta koma. Na murza mabuɗi a gaban Baba don ya ga gwaninta. Ya ɗanɗana, ya tauna a hankali, ya ce ba laifi, ashe dai ba Turanci kaɗai muka biya ba. A wajen Baba wannan lambar yabo ce. Ranar har rawa na taka a bayan ɗaki.

Abin da ban lissafa ba shi ne inda za a ci shi.

Magariba ta yi, aka fita da kwanon tuwon gidanmu kamar kullum, don wannan ba ya fashi ko mai gida ba ya gari. Baba ya ɗauki ɗan langan da na zuba masa, ya fita da shi a hannu, ya ajiye kusa da gwiwarsa. Ina laɓe a zaure ina kallo. Bazazzagen ne ya fara hango shi.

"Bakano, yau kuma me ka ɓoye a kwanon shan magani?"

Baba ya ce abincin likita ne, an hana shi tuwo, wannan nasa ne. Ya faɗi sunan ciwon, bai ɓoye ba. Aka yi masa sannu, aka yi addu'a, wani ya ce akwai sassaƙen da ake jiƙawa, wani ya ce ciwon Turawa ne da manyan ma'aikata, me ya haɗa shi da kafinta. Sai tsohon nan mai goro ya miƙa hannu, cikin murmushi, ba da mugunta ba.

"Malam, a tabarmar nan akwai naka?"

Ya jawo langan tsakiya ya buɗe. Bazazzagen ya leƙa ya ce kifi ba kai ba wutsiya, lallai Bakano ko a ruwa sai ya rage mudu. Aka fashe da dariya, har Baba. Hannuwa suka shiga. Abin da na auna wa mutum ɗaya, ƙarti suka zagaye shi. Kafin ka ce kwabo sai ƙarfe. Baba loma ɗaya ya samu. Wani direban babbar mota, Bakatsine, har da suɗe yatsa yana tambayar wace ce ta yi. Da aka ce ɗan boko ne, sai aka sake wata dariyar.

Sannan aka buɗe tuwo. Na ga Baba ya ɗan ja baya. Tsohon ya ce bisimilla mana. Direban ya matso masa da kwanon. Baba ya dubi tuwon, ya dubi fuskokinsu, ya naɗe hannun riga.

Na ce ba komai, dabara ba ta ƙarewa ɗan makaranta. Kashegari na ninka gwangwanayen, na cika babban kwano. Suka cinye. Na ƙara, suka cinye. Abin ya zama musu na buɗa baki, a fara da kifin ɗan boko sannan a shiga tuwo. Bazazzagen har saƙo ya aiko wai a ƙara attaruhu, hannuna ya yi sanyi kamar na 'yan mata. Ni da na zo in yi jinyar ubana, sai ga ni na zama kukun ƙarti masu lafiya. Yatsuna duk sun yi baƙi da toka, ido yana hawaye da hayaƙi, in gama in tsaya a zaure ina kallon Baba yana gutsurar tuwon dawa. Kuma ba dama ya ɗebi rabonsa gefe, a ciyayya ba a haka. Wanda ya ware kwano ya ware kansa.

Ni da Inna muka sake shawara. Muka ce ya ci nasa a cikin gida kafin magariba, in ya fita sai ya zauna a yi hira kawai. Ya yarda. Na gasa, na haɗa, ya ci shi kaɗai a bakin ɗakinsa, da sauri da sauri kamar mai cin na sata. Ya fita ya zauna a jikin bishiya, aka buɗe kwano, ya ce alhamdu lillahi, shi ya riga ya taɓa.

Ban taɓa jin ƙofar gidanmu ta yi shiru irin na ranar ba. Ka san cin abinci a gaban wanda ya naɗe hannu, loma ba ta wucewa. Kowa ya sunkuyar da kai, aka ci a gurguje, ba tsokana, ba labarin kasuwa. Bazazzagen ya gwada jefa wasa, ya faɗi ƙasa ba wanda ya ɗauka. Haka aka yi 'yan kwanaki. Sai magana ta fara zagayawa ta cikin gidaje. Wata maƙwabciya ta shigo aron rariya ta tsegunta wa Inna. Wai ana cewa ciwon ƙafar Malam ba na asibiti ba ne, jifa ne, kuma ya ƙi cin abincin mutane ne don yana zargin wani ya zuba masa abu. Wai kuma ranar da ya fara janye hannu, kwanon gidan direba ne a buɗe. Matar direban ta yi kuka, ta ce tun tana amarya Malam yake cin tuwonta, yau ita ce mai sammu.

Inna ba ta so ta faɗa masa ba, amma magana irin wannan ba ta kwana a ɗaki ɗaya. Ya kuwa ji. Yammar nan na kawo masa langa ya ce in rufe in ajiye. Ya fita. Aka zo kan kwanon direba, tuwon shinkafa ne da miyar taushe, Baba ya jawo shi gabansa ya ci kamar wanda ya dawo daga noma. Ya yaba miyar da ƙarfi yadda za a ji a cikin gida. Aka kawo fura ya ɗaga ƙwarya. Nan take hira ta dawo, dariya ta dawo, direban har da dafa masa kafaɗa. Ni kuwa ina zaure, langan yana hannuna yana hucewa.

Ba a jima ba ƙafar ta kumbura, ta fara wari. Muka koma asibiti a bayan motar wani maƙwabci. Likitan bai yi faɗa ba, ya dai dube ni kamar ni na ci tuwon. Aka kwantar da Baba, aka cire yatsun ƙafar guda biyu.

In faɗi gaskiya, mutanen nan ba su yar da shi ba. Kullum suna asibiti. Tsohon mai goro da sandarsa, direban in yana gari, Bazazzagen kuwa rufe rumfarsa yake yi ya zo ya zauna yana masa fifita, yana cewa an rage wa Bakano yatsu, yanzu sai ya nemi ragin kuɗin takalmi. Baba ya yi dariya har ɗinkin ya yi masa zafi. Amma ko a can ba sa zuwa hannu sake. Wannan da fura a jug, wancan da ƙosai, wani da rake. Ni ne ɗan sandan bakin ƙofa, ina karɓa ina godiya ina turawa ƙarƙashin gado.

Da aka kusa sallamarsa, na je rumfar Bazazzagen. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye gayena gefe, na yi masa bayani dalla-dalla yadda likita ya yi mini. Na ce Baba, ku ne za ku taimaka, ku bar shi ya zauna da ɗan kwanonsa, ko ku bar shi ya zauna haka nan, kada a ce masa bisimilla. Yana liƙe tayar keke, bai ɗago ba sai da ya gama.

"Ɗana, tun ba a san za a haife ka ba hannuna da na ubanka suke karo a kwano ɗaya. Yanzu kana so in cika baki da tuwo yana zaune yana haɗiyar yawu? Ko in ga kwano a gabansa in yi kamar ban gani ba, kamar wani baƙon da aka tsinta a tasha? Ni ban iya ba. Su ma ba su iya ba."

Na ce to ƙafar fa. Ya ci gaba da murza bawul. Can ya ce in je, za su san abin yi, ba za su zama sanadin ƙafar ɗan'uwansu ba.

Sun kuwa san abin yi. Tun Baba yana asibiti dama sun ɗan koma ƙofar gidan direba, can ƙarshen layi, wai kafin ya dawo. To sai suka yanke shawara su zauna can ɗin. Tsohon mai goro da kansa ya zo ya faɗa wa Inna daga bakin zaure, ya ce don kada ƙamshi ya riƙa sa wa Malam rai, ya samu ya warke a tsanake. Tausayi ne. Wallahi na san tausayi ne, shi ya sa har yau na rasa wanda zan riƙe.

Ba wanda ya iya gaya wa Baba. Ranar da ya dawo, ya yi sallar magariba a zaune, ya sa aka ɗauko masa riga mai kyau, ya dogara sanda ya fita. Ƙarƙashin bishiya ba kowa, sai busasshen ganye da akuyar maƙwabta. Daga can ƙarshen layi ana hango fitila da kawunan mutane. Ya daɗe a tsaye. Sai ya juyo ya ce mini a kai musu tuwon gidan nan tun bai huce ba.

Daga nan abin ya zama haka. Kullum in hura kurfoti, in gasa tattasai, in saluɓe fata, in murza mabuɗi. In kai kwanon tuwonmu ƙarshen layi, a karɓa, a ce yaya mai jiki, in ce da sauƙi. In dawo in shimfiɗa wa Baba buzu a zaure in ajiye masa langa. Nakan zauna in ci tare da shi, amma ɗa ba abokin ci ba ne, ni ina jin nauyinsa, shi yana jin nawa. Na yi ta canza salo don in burge shi. Ran nan in sa tumatir gasasshe, ran nan kabeji, ran nan in dafa ƙwai in yanka a kai. Ya ci, ya wanke hannu, ya ce Allah ya yi albarka. Da rana sukan leƙo ɗaya ɗaya su gaishe shi a tsaitsaye, amma hirar rana daban, kowa hankalinsa yana kan sana'arsa. Aka yi suna a layin, a bakin yara ya ji. Aka sasanta wata rigimar fili, sai bayan an gama aka ba shi labari.

Kuma abin haushin, maganin yana ci. Ƙafar ta kame, ƙishirwar ta ragu, ya fara komawa shago yana nuna wa yaransa aiki. Likita ya ga sakamakon gwaji ya buga mini kafaɗa ya ce in ci gaba. Na fito ina tafiyar gaye, ina jin ni ne na ƙwato ubana. Shi kuwa a hanya ko tari bai yi ba. Mutumin da in yana magana ake ji daga bakin titi, ya koma sai ka matsa kusa. Ya daina tsokanar Inna. In an idar da magariba sai ya juya fuskarsa wajen ƙofa ya kasa kunne. Inna ta ce mini wata rana tana tankaɗe, ita fa wannan lafiyar ba ta gane mata ba.

Ana saura kwana kaɗan in tafi makaranta, na dage ina koya wa Inna haɗin. Ta iya gashin fiye da ni ma, mabuɗin ne yake ba ta wahala, kullum sai ta tsinke harshen. Yammar nan muna tsugune gaban kurfoti, tattasai yana kan wuta, sai ga Baba ya fito daga ɗaki da babbar riga da hula. Ya ce mini in ɗauko masa sandarsa, in kuma ɗauko kwanon tuwon, yau tare za mu kai.

Na ce Baba, ga naka nan ya kusa. Ya ce ya gani. Na ce likita fa ya ce. Ya ce ya ji abin da likita ya ce, ai ni na fassara masa, kuma na iya fassara. Na juya wajen Inna don ta sa baki. Ba ta dube ni ba. Ta tashi ta shiga ɗakin girki, ta buɗe kwanon da ta riga ta rufe, ta ƙara miya, ta ɗebo man shanu ta zuba a kai, ta mayar da murfi ta miƙo mini.

"Kai ɗan nan," in ji Baba, "ka yi iya yinka, Allah ya gani. Amma ni ba zan tsufa a zaure kamar tsohon turmi ba. Mu je."

Muka bi layin, shi a gaba yana ɗingishi, ni a baya da kwano yana ƙona mini hannu. Da suka hango shi hira ta tsaya. Sai aka fara muskutawa, aka buɗa masa wuri kusa da Bazazzagen. Ba wanda ya ambaci ciwo. Bazazzagen ya ɗauki buta ya zuba masa ruwa a hannu da kansa, yana cewa dama ya san Bakano ba zai iya jure ganin ana cin rabonsa ba. Baba ya ce ya zo ne ya duba ko Zagezagi sun koyi tauna. Tsohon mai goro ya jawo kwano. Na ajiye namu na juyo. Da na shiga gida tattasan ya ƙone ya zama gawayi, Inna tana zaune a gabansa da mafici a hannu ba ta fifitawa.

Na tafi makaranta. Abokai sababbi, harka sabuwa, na ci gaba da gayena, don yaro ba ya riƙe baƙin ciki ya hana shi ƙwallo. In na zo hutu in tarar da Baba ya ƙara ramewa, ƙafar a naɗe da tsumma, bakinsa kuwa ya dawo raɗau, ana jin sa daga ƙarshen layi. Ban ƙara hura kurfoti a gidan ba, shi ma bai tambaya ba.

Ban kai ga gama karatun ba direban nan ya zo har makaranta da babbar motarsa ya ɗauke ni. Tun daga ƙofar makaranta yake share ido da hannun riga, bai iya gaya mini Baba ya rasu ba sai da muka hau titi. Su suka yi masa wanka, su suka ɗauki makara, Bazazzagen ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Kukansu na gaskiya ne, ban ga na ƙarya a fuskar ko ɗaya ba.

A ƙofar gidanmu aka yi zaman makoki, ƙarƙashin dogon yaro. Aka idar da magariba, kwanuka suka fara fitowa daga gidaje kamar yadda ake kai wa gidan rasuwa, aka jera su a tsakiya. Na miƙe zan shige zaure, tsohon mai goro ya riƙo bakin rigata. Ya ce ina za ni, ai yanzu ni ne mai gidan. Ya nuna mini jikin bishiyar. Bazazzagen ya matsa, ya ɗauki buta ya zuba mini ruwa. Akwai maganar da nake so in faɗa musu tun daga maƙabarta, a kan tuwon nan da ƙafar Baba. Tsohon ya jawo kwano ya buɗe, tururi ya tashi, duk suka tsaya ba wanda ya sa hannu, suna jirana.

Ya ce bisimilla. Na naɗe hannun riga.